SAMANJA MAZAN FAMA: ƊAN SARAUTA, SOJA, ƊAN WASA

Laccar da aka gabatar a taron hutu na ɗaliban Gusau da Tsafe da Bunguɗu, a Tudun Wada, Gusau



Sa'ad da aka aiko mana da takardar gayyata zuwa wannan taro, an nemi mu zaɓi wani mutum wanda tarihinsa zai amfani matasa, mu yi magana a kansa. Mun san abin da ake tsammani daga gare mu, watau mu ɗauko wani shehin malami, ko wani basarake, ko kuwa ɗaya daga cikin 'yan siyasar jamhuriya ta farko. Da muka mayar da amsa cewa a kan ɗan wasan kwaikwayo za mu yi, sai ɗaya daga cikin masu shirya taron ya yi ɗan murmushi, ya ce, "To ba laifi, Malam, ai gara a ɗan sa jama'a dariya kafin a shiga manyan batutuwa." Ba mu ji haushinsa ba, domin kuwa abin da ke zuciyar yawancinmu ya faɗa. A ƙasar nan tamu muna son wasa, amma ba mu ɗauki mai yinsa a bakin komai ba. To ku ba mu aron hankalinku na ɗan lokaci, mu duba ko wannan raini yana bisa gaskiya.

Mutumin da muka zaɓa shi ne Alhaji Usman Baba Pategi, wanda duk Arewa ta sani da sunan Samanja Mazan Fama. Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna ran 12 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 81. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Waɗanda suka tashi a nan Tudun Wada a shekarun 1980 za su tuna yadda abin yake. A lokacin Gusau tana cikin Jihar Sakkwato, don ba a ƙirƙiro Zamfara ba sai a 1996, kuma akwatin talabijin ba kowane gida ke da shi ba. Gidan da ke da shi nan yaran layi ke cika bayan sallar isha'i, waɗansu a tabarma, waɗansu a bakin taga, mai gida kuwa yana ta fama da eriya a kan doguwar gora. Muna da namu gwanin, watau Golobo na talabijin ɗin Sakkwato, mai magana da irin harshenmu na yamma. Amma in aka ce yau akwai Samanja, har dattawan nan masu cewa kallon talabijin aikin banza ne sai ka ga sun matso da kujera. Mutanen ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu kuwa, inda wutar lantarki ba ta kai ba, ta rediyo suka san shi, da yawansu sun shekara da shekaru suna kwaikwayon tsawarsa ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

An haifi Usman Baba a 1942 a garin Pategi, wanda ke bakin kogin Kwara ta kudu, cikin Jihar Kwara ta yanzu. Banufe ne, ɗan gidan sarautar garin, inda ake kiran sarki Etsu. Ku riƙe wannan, domin za mu komo kansa: mutumin da ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan Hausa ba da Hausa ya buɗe baki ba. Ya yi firamare a garinsu, ya wuce makarantar midil ta Ilorin, daga nan ya tafi Kaduna wurin wani ɗan'uwan iyayensa. Ya fara aiki a ma'aikatar ayyuka, kafin daga baya ya koma gidan watsa labarai. Kadunan wancan zamani ita ce hedkwatar Jihar Arewa, gari ne da Turawa suka kafa don mulki da soja da jirgin ƙasa, kuma kowace ƙabila tana da wakili a cikinsa. A nan ne gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin a 1962, gidan da ake jin muryarsa har Nijar da Kamaru da Gana, gidan da su Yusuf Ladan suka yi suna da shirye-shirye irin su Zaman Duniya Iyawa Ne.

Ana cikin haka sai yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, aka yi ta kiran samari su shiga soja. Usman Baba yana cikin waɗanda suka amsa kiran. Ya bar aikinsa, ya sa kaki, aka ba shi horo a makarantar sigina ta Apapa a Ikko, watau sashen da ke kula da sadarwa tsakanin rundunoni. Ɗan sarki ya koma kurtu, yana tsayuwa ƙyam a gaban mutumin da watakila ko sunansa bai iya rubutawa ba. A nan ya yi karatun da ya ci da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Kafin mu shiga batun wasan, tilas ne mu bayyana wa ƙannenmu irin halin da aka shiga bayan yaƙi, in ba haka ba ba za su gane abin da Samanja ya yi ba. Kafin yaƙi sojan Nijeriya gaba ɗaya bai wuce kamar mutum 10,000 ba. Lokacin da aka ajiye makamai a Janairun 1970 sun kai wajen 250,000. Barikokin da Turawa suka bari ba su isa ɗaukar wannan taro ba, saboda haka sojoji da yawa suka kama haya a cikin gari, suna zaune gida ɗaya da farar hula, rijiya ɗaya, bayan gida ɗaya. Ga su samari, ga albashi, ga bindiga, sun kuma dawo daga inda suka ga mutuwa ido da ido. Sa'an nan gwamnatin ƙasar ma tasu ce, tun daga 1966 har 1979. In soja ya mare ka a tasha, wurin wa za ka kai ƙara? Mutane suka koyi kauce wa mai kaki kamar yadda ake kauce wa kunama. A cikin wannan hali ne, a shekarun 1970, wani mutum ya fito a rediyo da talabijin na Kaduna sanye da kakin soja, ya ce wa jama'a, a fakaice, ku zo ku yi dariya.

Gwanintarsa ta farko ita ce muƙamin da ya zaɓa. Bai fito a kanar ba, bai fito a kurtu ba, sai a samanja. Samanja shi ne ƙololuwar ƙananan sojoji, shi ne mai fareti, mai sanda a hammata, wanda in ya daka tsawa kofur da saje ke rawar jiki. Amma wannan mutum ɗin dai, da furfurarsa da shekarunsa ashirin a bakin aiki, in wani ɗan laftanan sa'an ɗansa ya fito daga makarantar hafsoshi jiya jiya, dole ya ƙame ya sara masa. Watau mutum ne na tsakiya, zaki ga na ƙasa, kyanwa ga na sama. Ku ma'aikata da ke zaune a nan kun san irinsa, ko da ba ku taɓa shiga bariki ba. Shi ne tsohon babban akawun nan da kuka tarar a ofis ranar da kuka kama aiki a mataki na takwas da digirinku, wanda ya san inda kowane fayil yake, yana ce muku "ranka ya daɗe" da baki, a zuci kuwa Allah kaɗai ya san abin da yake ce muku. Duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin wani kuma a saman wani ya ga kansa a jikin Samanja. In ya koma gida kuwa ga uwargida Bariki, wadda tsawar fareti ba ta razana ta, ga kuma su Mutuwa Dole da sauran yaransa, waɗanda kullum sai sun sami hanyar da za su ɓata masa shiri.

Gwaninta ta biyu, wadda a ganinmu ta fi ta farko, ita ce harshe. A zamanin Turawa Hausa ce harshen sojan ƙasar nan. Da ita ake horar da Tibi da Babarbare da Angas da Zabarma, da ita aka je yaƙin Bama a yaƙin duniya na biyu. To Hausar da ta fito daga bakin waɗannan mutane, ta gauraya da umarnin Turanci, ita ce ake kira Barikanci. Daga can muka sami kalmomi da yawa da muke faɗa yau ba tare da mun tuna asalinsu ba: soja, hafsa, kurtu, kofur, saje, fareti, bariki, har da ita kanta kalmar samanja. Barikanci yana da ƙa'idojinsa. Ba ruwansa da bambancin namiji da mace, sai ka ji an ce yarinya ya zo. Ba ruwansa da haruffa masu lanƙwasa, saboda haka ƙafa da kafa duk ɗaya ne, ɓata da bata duk ɗaya ne, kuma kun san irin ɓarnar da wannan kan jawo in magana ta zo da ƙarar kwana. Usman Baba ya ɗauki wannan harshe ya mai da shi kayan aiki. Yakan fara zance da Hausa, ya tsallaka Turancin bariki, ya komo, duk a numfashi guda. Da shirin ya hau tashar ƙasa baki ɗaya a shekarun 1980, sai aka ƙara yawan Turancin don mutanen Kudu su ma su ji, ya zama Bayarabe da Inyamuri suna dariyar abin da Bahaushe ke yi wa dariya a dare ɗaya.

Kada wani ya zaci abin da sauƙi. Duk wanda ya taɓa jin hirar da aka yi da shi ba a cikin wasa ba ya san Hausa ce yake yi tsaf, irin ta ma'aikacin gidan rediyo. Ashe karya harshen nan da gangan yake yi, kuma da awo. Mai karya harshe don bai iya ba, ko'ina ya samu karyawa yake yi. Mai karyawa don wasa kuwa sai ya san gaɓar da in ya karya za a yi dariya, da wadda in ya karya maganar za ta ɓace. Ga kuma inda asalinsa ya yi masa rana. Da Bakano ne ko Basakkwace ya fito yana kwaikwayon Hausar baƙi, da abin ya zama gori. Shi kuwa ya san yadda ake koyon Hausa da girma, ya san inda take yi wa baƙo tuntuɓe, don shi ma ta taɓa yi masa. Saboda haka dariyar ba ta da dafi. Sojan da ke irin wannan Hausa yakan zauna ya kalla, ya ce wallahi haka samanjanmu yake.

A nan za mu ɗan yi ratse zuwa ƙasar Rasha, kuma ba don yawon buɗe ido ba. Ƙasa ce da iyayenmu da yawa suka je karatu a zamanin Tarayyar Sobiyat, rediyon Mosko ma yana da sashen Hausa a wancan lokaci. Abin da ya sa muka ambace ta shi ne, babu inda aka zauna aka yi wa sana'ar wasan kwaikwayo nazari kamar can. Wani mutum da ake kira Stanislavski, wanda shi da abokinsa suka kafa wani shahararren gidan wasa a Mosko a 1898, ya ƙare rayuwarsa yana koya wa 'yan wasa abu guda, watau kada su ari motsi da murya daga wani ɗan wasa, su nemo su daga abin da suka gani da idonsu da abin da ya taɓa samunsu. Har yau da koyarwarsa ake horar da 'yan wasa a Ingila da Amurka. 'Yan wasanmu na Kaduna da Sakkwato da Jos ba su shiga irin wannan makaranta ba. Galibi ma ba a rubuta musu magana kalma kalma, sai dai a tsara ƙashin labari, a ce kai ka shigo ka tarar da kaza, ke kuma ki musa, sauran kuwa kowa ya ciro daga cikinsa a gaban na'ura. Wanda bai tara kallon mutane a ransa ba, a nan asirinsa ke tonuwa. Usman Baba ya tara, a filin fareti ya tara.

Akwai wani ɗan wasa na can wanda tarihinsa ya yi kama da na Samanja har abin ya ba mu mamaki, sunansa Yuri Nikulin. An haife shi a 1921. Yana gama sakandare a 1939 aka ɗauke shi soja, aka sa shi a rundunar igwa mai harbo jiragen sama kusa da birnin Leningirad. Yana nan sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya ta kusan kwana 900, mutane dubu ɗaruruwa suka mutu da yunwa. Bai tuɓe kaki ba sai a 1946, yana da muƙamin babban saje. Ya nemi shiga makarantun wasan kwaikwayo na Mosko, ɗaya bayan ɗaya suka ƙi shi. Daga ƙarshe sai gidan wasan nan na dabo da tsalle-tsalle da dabbobi ya karɓe shi, ya koyi aikin wawa, mai fitowa tsakanin wasa da wasa ya sa mutane dariya. Ya fara fitowa a fim a 1958, kuma wani fim nasa na barkwanci na 1969, wanda za a iya fassara sunansa da Hannun Lu'ulu'u, mutum fiye da miliyan 70 suka shiga silima suka kalla. Sa'an nan a 1976 aka ba shi wani fim mai suna Kwana Ashirin Ba Yaƙi, ya fito a ɗan jaridar fagen fama wanda ya gaji da ganin gawa. Babu dariya ko ɗaya a ciki. Mutanen da suka saba ganinsa yana faɗuwa yana tashi suka ga ashe fuskar nan tasa mai ban dariya fuskar tsohon soja ce. Wannan dama ta biyu, ta ya nuna ɗaya gefen abin da ya gani a yaƙi, ita ce ba mu ba Usman Baba ba. Mun same shi da kakin barkwanci, muka ce ya zauna a ciki.

Yanzu sai mu zo ga zargin da ɗalibai 'yan gwagwarmaya suka daɗe suna yi, kuma bai kamata mu tsallake shi a taron ɗalibai ba. Sun ce Samanja wankin soja ne. Sun ce a daidai shekarun da yake sa mu dariya, Fela ya yi wa sojoji waƙar Zombie, a watan Fabrairun 1977 sojoji suka far wa gidansa a Ikko suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyarsa ta taga. A watan Afrilun 1978, lokacin zanga-zangar ƙarin kuɗin abinci da ɗaki a jami'o'i, an harbe ɗalibai a Zariya. A 1984 an ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, a ƙarƙashin doka ta huɗu. To yaya aka yi shi Samanja yake wasa da kaki a gidan talabijin na gwamnatin soja, ba wanda ya taɓa shi? Amsarsu ita ce, don dariyarsa ba ta cizo.

Mu a ganinmu rabin wannan magana gaskiya ne, kuma ba za mu ɓoye ba don muna son mutumin. Dariyar Samanja a kan ƙananan sojoji ta fi sauka. Takan zagaya filin fareti da kantin bariki da ɗakin Bariki, amma in ta iso ƙofar gidan shaƙatawar hafsoshi sai ta cire takalmi. Waɗanda ke yin juyin mulki da raba rijiyoyin mai ba su ne ake kwaikwaya ba. Wanda ya ce Samanja ya yaƙi mulkin soja ya faɗi abin da shi kansa mutumin bai yi da'awa ba.

Amma ɗaya rabin fa? Mu Hausawa muna da tsohuwar al'ada ta wasa da mai iko a gabansa. A wasan gauta matan fada kan shirya, wata ta fito a sarki, wata a waziri, wata a alkali, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da irin shari'arsu, sarki yana zaune yana kallo. 'Yan kama kan naɗa rawani su kwaikwayi malamai, suna jan baƙi a kan tuwo da miya. A tashe yara kan yi wa mai rowa da gwauro da azzalumin miji abin da babba ba ya iya yi musu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya taɓa tuɓe sarki. Abin da suke yi shi ne su tuna wa mai iko cewa ana ganinsa, su kuma tuna wa talaka cewa mai ikon nan mutum ne, yana da tumbi, yana da bashi, matarsa tana yi masa faɗa. Tsoro iri biyu ne: akwai tsoron abin da ka sani, akwai tsoron dodo. Samanja bai raba mu da na farko ba, amma ya rage mana na biyu. Yaron da ya kwana yana kwaikwayon faretin Samanja a tsakar gida, in ya ga soja da safe ba dodo yake gani ba. Shi ma sojan an ba shi madubi, ya ga yadda tsawarsa take a idon maƙwabcinsa. A ƙasar da ta fito daga yaƙin da ya ci rayuka fiye da miliyan, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ba mu san wata ma'aikatar gwamnati da ta yi shi fiye da wannan mutum ɗaya da 'yan ƙungiyarsa ba.

Game da rainin da muka fara da shi kuwa, ya kamata mu mutanen Zamfara mu fi kowa jin kunyarsa. Ɗaya daga cikin littattafan wasan kwaikwayo na farko da Bahaushe ya rubuta shi ne Wasan Marafa, wanda ya fito a 1949, kuma marubucinsa, Alhaji Abubakar Tunau, mutumin Mafara ne. Malam Aminu Kano tun yana malamin makaranta da wasan kwaikwayo ya fara faɗa wa masu mulki gaskiya. Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, waɗanda da yawanku kuka karanta don jarrabawa. Ashe in wasa yana cikin littafi sai mu kira shi adabi mu ba da digiri a kansa, in kuwa mutum ya tashi ya yi shi da jikinsa sai mu ce ɗan wasa ne, kada a ba shi 'yarmu.

Ku dubi yadda ƙarshen mutanen biyu ya kasance. Nikulin ya sami lambar ɗan wasan al'umma ta Tarayyar Sobiyat a 1973. A farkon shekarun 1980 aka ba shi shugabancin gidan wasan da ya shiga yana koyon wawanci, ya riƙe har ya mutu a watan Agustan 1997. Gidan yana ɗauke da sunansa. Finafinansa an adana su, an gyara, duk mai so yana iya kallonsu a intanet yau, tas kamar jiya aka ɗauka. Ba muna cewa a yi wa Samanja mutum-mutumi ba, wannan ba al'adarmu ba ce, ba kuma addininmu ba. Tambayarmu ita ce, ina wasannin? Ku ɗauki wayoyinku ku nema a YouTube. Abin da za ku samu 'yan guntaye ne masu hazo, waɗanda wani bawan Allah ya naɗa a kaset ɗin bidiyo a ɗakinsa. A wancan zamani faifan ɗaukar hoto yana da tsada, gidajen talabijin a ko'ina cikin duniya sukan goge tsohon shiri su naɗi sabo a kai, har BBC ta yi asarar shirye-shirye masu yawa ta wannan hanya. Bambancin shi ne su sun farga, suka bi duniya suna cigiyar abin da ya saura a hannun mutane.

Su kansu mutanen kuma suna ta tafiya. Rabilu Musa Ibro, wanda ya gaji fagen barkwanci a zamanin bidiyo, ya rasu a 2014. Ƙasimu Yero na Karambana da Magana Jari Ce ya rasu a 2017. Samanja a 2023. Abdullahi Shu'aibu, watau Karkuzu na Jos, ya rasu a 2025, bayan ya makance, kuma sai da ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa ya ji labarin halin da yake ciki ya saya masa gida. Allah ya saka masa da alheri. Amma mutumin da ya yi shekara da shekaru yana sa miliyoyin mutane dariya, bai kamata rufin asirinsa ya dogara ga ko wani mai tausayi ya ci karo da hotonsa a waya ba.

Ba don tarihi kaɗai muke wannan magana ba. Kaki ya dawo cikin rayuwarmu a Zamfara, ta wata ƙofa dabam. Duk wanda ya biyo hanyar Tsafe ko ta Bunguɗu zuwa wannan taro ya san shinge nawa ya wuce. Ba mu manta da daren watan Satumban 2023 ba, da 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida suka kwashi ɗaliban jami'ar tarayya ta Gusau. Yau muna bukatar soja, muna kuma jin tsoronsa, wani lokaci muna jin haushinsa, duk a rana ɗaya. Shi kuwa wanda ke tsaye a shingen nan sa'anku ne, watakila daga Binuwai ko Kuros Riba, ya yi wata da watanni bai ga uwarsa ba, yana tambayarku inda za ku da irin Hausar nan da Samanja ya kwaikwaya. Me yake ci? Me yake tsoro in dare ya yi? Me yake faɗa wa matarsa a waya? A cikinku akwai masu rubutu, akwai 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, akwai masu ɗaukar bidiyo da waya suna sawa a TikTok. Ga mutum nan a tsaye a bakin hanya, kullum kuna wuce shi, ba wanda ya tsaya ya kalle shi irin kallon da Usman Baba ya yi wa samanjansa. In kuma kun tashi yi, muna fata ku wuce inda ya tsaya, ku shiga har gidan hafsoshi, tun da ku ba a ƙarƙashin doka ta huɗu kuke ba.

Muna da roƙo guda ga shugabannin wannan taro. Har yanzu akwai tsofaffi a Gusau da Mafara da Ƙauran Namoda da Sakkwato waɗanda suka yi wasa a rediyo da talabijin da dandalin makarantu a shekarun 1970 da 1980, akwai kuma gidajen da tsofaffin kaset ke jibge a ƙarƙashin gado. A wannan hutu a raba ɗalibai biyu biyu, kowane biyu su nemi tsoho ɗaya, su gaishe shi yadda ya kamata, su nemi izininsa, su naɗi hirar awa guda: yaushe ya fara, wa ya koya masa, nawa ake biyansa, yaya ake tsara wasa, me iyayensa suka ce. Kaset ɗin da aka samu a juye shi a kwamfuta a mayar wa mai shi da abinsa. Ku ma'aikata kuma, musamman na ma'aikatar watsa labarai da ta al'adu, ku duba ɗakunan ajiyar nan da ba a buɗewa, kafin gara da ɗigon damina su gama da su. Abin da aka tara a kai sashen Hausa na jami'a, a ajiye kwafi biyu a wuri biyu. Mu da bakinmu mun ɗauki alkawarin hira uku, kuma za mu kawo su taron baɗi in Allah ya kai mu.